Kalmar Khala Sumiyati

Ranar wata Laraba ce, shekarar da nake aji uku a firamare, aka yi ruwan da ya cika lungunan unguwarmu Ammariyya, can ƙasa mai tsarki, har gwiwa. An tashe mu da wuri, iyaye suka yi ta zuwa suna kwasar 'ya'yansu, ni kuwa Ummata tana can unguwar Madain Fahd inda take aikin girki, ba hanyar dawowa. Ina raɓe a ƙofar makaranta sai na hango Khala Sumiyati, tsohuwar Bajawa 'yar Indonesiya da muke haya gida ɗaya, tana keto ruwa, abayarta ta jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya ya tafi. Ta durƙusa ta ce, "Yalla ya binti, hau." Haka ta goya ni har gida, ga ciwon ƙafa da take fama da shi.

Ɗakinta kullum ƙamshin kwakwa da citta yake yi. A nan mu yaran gidan muke taya ta gurza kwakwa da tsince shinkafa, ladanmu soyayyar ayaba, mu haura saman bene mu yi 'yar carafke tsakanin igiyoyin shanya. Ranar ruwan nan tana goge mini kai da tawul, tana faɗa da Larabcinta mai karyewa, hawaye na zuba. Na ce, "Khala, ai na dawo, kukan me kuma?" Ta ce, "Cinta ce." Na yi dariya, don a kunnena kamar ta ce cin ta.

Ba ta ji haushi ba. Ta zaunar da ni ta ce a harshensu haka ake kiran so, amma mahaifinta, wanda malami ne, ya gaya mata kalmar baƙuwa ce, daga tsohon harshen Indiya ta ƙetaro teku, kuma can ma'anarta tunani da damuwa. "Mutanenmu suka duba," in ji ta, "suka ga wanda ka damu da shi har ka kasa zama, ai shi kake so." Da Umma ta iso da la'asar a firgice, ta tarar da ni ina barci a cinyar Khala.

Khala ta koma ƙasarsu ina sakandare, labarin rasuwarta ma a bakin wata mahajjaciya muka ji. Yau ina zaune a bene mai lifta, ban san sunan matar da ke ƙofar da ke kallon tawa ba. In 'yata ta makara daga makaranta, ni kaɗai ke leƙen taga.