Baba Dzarma da Fim ɗinsa na Cikin Ƙanƙara

Kowace safiya, kafin ya buɗe shagonsa na hoto a unguwar Mafoni, Baba Dzarma sai ya ɗauki wata tsohuwar kula ya hau keke zuwa Bulabulin sayen ƙanƙara. Ba ruwan sanyi yake sayarwa ba. Fina-finan kyamara ne a cikin kular, waɗanda wa'adinsu ya wuce tun da daɗewa, sanyi kaɗai ke riƙe su. Lokacin da garin nan ya yi watanni babu wuta, haka ya yi ta jigilarsu. Mun sha yi masa tsiya, ni ma har da ni, muna cewa ya fi kula da fim a kan cikinsa.

Bayan ambaliyar da ta ci garin nan ne na daina dariya. Maƙwabciyata Hajara ta rasa wayarta a ruwan, duk hotunan mahaifiyarta Hajja Mu'mina suka tafi tare da ita. Ga tsohuwar kwance a ƙauyen Dusuman, jiki ya yi nauyi. Hajara ta ce so take hoton da za ta riƙe a hannu. Na raka ta wajen Baba, ya ɗauko fim guda daga ƙanƙara muka tafi.

Da muka isa, sai ya nemi tabarma ya zauna, fim na rufe cikin gwangwaninsa.

"Baba, don Allah ka ɗauka mana, numfashinta kake ji fa," in ji Hajara.

"'Yata, in na buɗe shi da sanyinsa zai yi gumi, hoton ya lalace. Bari ya sha iska."

Raina ya ɓaci ƙwarai a zaman nan, don gani nake kafin sanyin fim ya fita za mu rasa tsohuwar. Shi kuwa ko gezau. Da ya taɓa gwangwanin ya ji sanyin ya sake shi, ya ce a fito da ita bakin ƙofa, wai tsohon fim ya fi son haske. Ya durƙusa ya gaishe ta da yarensu, ya ce, "Wushe, Hajja." Ta ɗago ta yi murmushi, ya danna.

Ba ta kai Juma'a ba Allah ya yi mata rasuwa. Hoton ya fito da ɗan ja-ja a gefe, amma fuskarta tas, har tsagar kumatunta.

Baba Dzarma, kai ne mai haƙurin da muka ɗauka taurin kai ne. Yanzu ido ya gaza, ka rataye kyamara, kular ma ruwan sha ake zubawa a ciki. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya. Masu sana'a, ku koyi yin aiki a natse irin nasa ko da ana azalzalar ku.

Jiya na shiga gidan Hajara, na tarar da 'yarta da aka haifa bayan rasuwar tana nuna hoton a bango da yatsa, tana cewa, "Kaka."