Kafson da Na Cika da Garin Kuka

Samari da 'yan mata, ku ba ni aron kunnuwanku. Ba zan faɗi sunana ba, don waɗanda suka san ni sun san ni, kuma ba sunan ne abin amfani ba.

Kafin in lalace, ni direban jirgin ruwa ne. Ina ɗaukar 'yan kasuwa daga Wara in tsallakar da su ƙauyukan bakin ruwa, ranar kasuwar Yauri kuwa tun da safe nake cika jirgi da kwandunan kifin banda. Babana ya rasu ina saurayi, ya bar ni da Inna da ƙanwata Ladidi. Ni ne ɗan fari. Ba mu da yawa, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Aibina ɗaya, baki gare ni. Fasinjoji kan ce in na fara zuba, ko injin jirgi sai ya saurara.

Bakin nan shi ya ja mini. Wani mai tallan magani da ke yawan shiga jirgina ya ce mini wata rana, "Kai, wannan harshen naka asara yake yi a kan ruwa." Ya bar mini katan ɗaya na kafso, ya ce man kifi ne da bitamin, na ƙarin abinci ga matan da al'ada ta ɗauke musu, wai yana taimakon zuciya. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Malam, matan da ke wuni cikin kifi zan sayar wa man kifi?" Ya ce in dai gwada.

Na gwada, kuma ya tafi kamar ƙosai da zafinsa. A nan na gane abin da ban sani ba game da iyayenmu mata. In mace ta kai shekarun nan, jikinta yakan sauya. Zufa ta karyo mata ba dalili, gabanta ya riƙa faɗuwa, barci ya ƙi zuwa, wasu kuma hawan jini ya sadaɗo ya shige su. Kuma ba sa faɗa, kunya ba ta bari. Ni kuwa da na ɗauki lasifika na faɗi abubuwan nan a sakaye, sai ka ga dattijuwa ta tsaya da kwandonta a ka, tana ji kamar da ita nake. Ta matso ta ce, "Ɗan nan, ba ni na wata maƙwabciyata." Na san maƙwabciyar ita ce.

Da kayan suka ƙare, mutumin bai sake dawowa ba. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Na samo ƙwanson kafso wanda babu komai ciki, na samo robobi da takardar liƙawa mai hoton zuciya. Na riƙa ɗura garin kuka, in daka ƙwayar ciwon jiki in barbaɗa, don mace ta sha ta ji sakayau ta ce magani ya karɓe ta. Na ce wa kaina, ai kuka miya ce, wa ta taɓa kashewa? Na sayar da jirgin, na koma bin kasuwanni daga Wara zuwa Birnin Yauri har Shanga.

Babbar ƙaryar kuwa wata tsohuwa ce ta buɗe mini ƙofarta ba da saninta ba. Ta ce, "Ɗan nan, ina shan na hawan jini na asibiti, ba zan iya biyu ba. Wanne zan riƙe?" Wallahi na ji zuciyata ta ce in gaya mata gaskiya. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Iya, wanda ya sha wanga ya yi ban kwana da na asibiti. Ba a ma haɗa su." Daga ranar maganar ta shiga cikin tallata, ina faɗinta a lasifika kowace kasuwa.

Dubuna ta cika a kasuwar Yauri. Wata mata mai shan kafsona ta yanke jiki ta faɗi, 'yarta ta kai robata wajen hukuma, aka bincika, aka zo aka kama ni da katan a hannu. Alƙali ya tura ni gidan yari. In gaya muku gaskiya, da farko ba nadama nake ba, haushin an kama ni nake ji.

Ina can Ladidi ta zo ziyara. Da ganin idonta na san ba lafiya. Ta ce, "Yaya, Inna ta faɗi a bakin murhun banda. Ɓarin jikinta na dama ya shanye."

Na ce, "Subhanallahi! Ba tana shan maganinta na hawan jini ba?"

Ta ce, "Ta daɗe da ajiye shi. Naka take sha."

Ku da kuka tashi a gidajenmu kun san yadda uwa take da ɗan fari. Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama ta yi hira da ni, ballantana ta gaya mini ciwon da ya shafi jikinta na mace. Ni ma ban taɓa tambayarta ba. Ashe duk ranar kasuwar Wara takan tsaya can bayan rumfunan masu gishiri ta saurari tallata, tana jin daɗi a ranta ɗanta ya zama mai magani. Ba ta iya karɓa daga hannuna, sai ta ba wata ƙawarta ta sayo mata. Ladidi ta ce da ta yi mata magana, cewa Inna ta yi, "Yaron can ba zai faɗi abin da ba shi ba." Ko da aka kama ni, ta ce sharrin mahassada ne, ta ci gaba da shan ragowar.

Na durƙushe a gaban gandiroba ina kuka kamar yaron goye. Ramin da na gina wa uwayen mutane, tawa uwar ce ta faɗa. Sauran zaman da na yi a gidan nan, ban san ɗanɗanon abinci ba. Akwai wani tsohon malamin asibiti da muke ɗaki ɗaya, shi ya zaunar da ni ya fahimtar da ni. Ya ce ko kafson man kifi na gaskiyar, abin ƙari ne kawai a kan abinci, ba ya maye gurbin maganin hawan jini, kuma ba a fara shi sai an tambayi ma'aikacin lafiya. Ya ce matan bakin ruwa da ke da kifi da wake da zogale, abin da suka fi bukata shi ne awon jini a kai a kai, da rage gishiri, da riƙe maganin da aka rubuta musu. Na saurara ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar da aka sake ni, na tarar da Inna zaune a tabarma an jingina ta da bango. Ta rame, bakinta ya ɗan karkace. Na zube a gabanta na ce, "Inna, ki gafarce ni. Ni na yi miki wannan." Ta kau da kai gefe kamar yadda ta saba. Sai na ji tafin hannunta na hagu a kaina. Maganarta ba ta fita sosai, sai da Ladidi ta matso ta maimaita mini. Cewa Inna ta yi, "Ni na yafe tun tuni. Sauran matan fa?"

Wannan tambayar ita ta zama aikina. Yanzu yaron jirgin wani nake, ina ɗora kaya ina saukewa. Amma duk kasuwar da na taɓa yin talla na koma, ba lasifika, rumfa rumfa. Nakan ce, "Iya, ni ne mai kafson nan. Ƙarya na yi muku. Ki koma asibiti a auna ki." Wasu sun zage ni, sun kuma yi daidai. Wata a Shanga ta watsa mini ruwan wankin kifi. Wata kuwa dariya ta yi ta ce, "Ja'iri, dama na ce abin nan warin miya yake." Akwai rumfar da na tarar da 'ya a madadin uwa, na tambaya, aka ce ta rasu. Ban san ko ni ne sanadi ba, kuma ba zan taɓa sani ba sai gaban Allah.

To, 'yan'uwana matasa, ga abin da na zo da shi. In Allah ya ba ku baki, kada ku ci abinci da shi a kan lafiyar mutane. Kada ku ce ƙaramar ƙarya ce, ni ma da garin kuka na fara. Duk dattijuwar da ta tsaya a gabanku uwar wani ce, kuma ba ku san hannun da kayanku za su ƙare ba. Sannan yau ɗin nan ku shiga ɗakin innarku ku tambaye ta abin da take sha, da wanda ya ba ta. In kunya ta hana ku, ku tura ƙanwarku.

Tawa Innar tana nan da rai, alhamdulillahi. Kullum bayan salla tana yi mini addu'a, da hannu ɗaya.