Goggo Ladi da Tudun Mutanen Da

Duk wanda ya san Goggo Ladi, yayar babana, ya san ba a wuce ta da jar ƙasa a ƙafa. In ka biyo ta gefen tudun nan na bayan gonarmu a Kausani, sai ta tsare ka ta leƙa takalminka. "Koma ka kakkaɓe musu ƙasarsu!" Tudun, in ji ta, kaburburan mutanen da ne, tun kafin a san wani gari Wudil.

Mu yara tsoronsa muke ji. Ko akuyarmu ce ta hau, daga nesa muke kiranta. Wata damina ruwa ya zaizaye gefensa, yayana Nasiru ya tsinci wani jan dutsen wuya mai karkataccen rami, ya cusa a aljihu. Goggo ta kalli tafiyarsa kawai.

"Nasiru, me ka ɗauko?"

"Ba komai, Goggo."

"To. In mai shi ta zo karɓa, ka yi mata bayani da kanka. Ni ba na jin yarensu."

Wayyo! Nan take Nasiru ya juya. Ya mayar da shi a guje, yana ta rafka sallama.

Ranar da masu tifa suka zo ɗibar ƙasar bulo kuwa, sai ta shimfiɗa tabarma a gaban motar, ta hau ɓarar gyaɗa. Ni ina laɓe bayan kuka, ina leƙe.

"Haba Iya," in ji direban, "waɗannan ai ba wanda ya san su."

"Yaro, wa ye kakan kakanka?"

Ya ce bai sani ba.

"Ba ka sani ba? To ɗebe shi, ka gina ɗaki da shi, ka kwana a ciki."

Da baya da baya motar ta fita!

Har wani malami mai binciken tarihi ya zo ya auna tudun, ya ce ya kamata a kafa allon gargaɗi. Goggo ta ce, "Allo? Tifa ta iya karatu ne?"

Bara ta rasu. Shekaranjiya, ina dawowa daga makaranta, na ga sabon sawun taya a gindin tudun, an yanki gefensa kamar tuwo. Na tsaya ina kallon ramin. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, wa zan tsare?

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya haskaka makwancinta, Ya sa kada wani ya taɓa shi. Ni kuma Ya ara mini ko rabin bakinta kafin motar ta dawo.