Ganyen Maman Nas

Har yau Mai Tuta ake kiransa, ko da yake ya daɗe da ajiye tutar. Ƙuruciyarsa duka a mahaɗar titin mota da layin dogo ta ƙare, yana ɗaga ja yana ɗaga kore, yana tsare masu gaggawa har jirgi ya wuce. Da ya yi ritaya sai ya rasa abin da zai yi da hannuwansa. Matarsa ta gaji da ganinsa yana gyaran kujerun da ba su karye ba, ta ce ya je ya nemi ɗan fili a bayan gidajen haya, inda mazauna ke 'yan shuke-shukensu.

Ya je, ya kuma kama abin da gaske. Igiya yake ja kafin ya dasa tumatir, albasarsa kuwa a jere take kamar 'yan fareti. Ciyawa ce dai ba sa ga maciji da ita. Ko tana ɗan leƙowa daga ƙasa sai ya durƙusa ya tsige ta.

Filin da ke manne da nasa na wata tsohuwa ne, baƙuwa. Ɗanta nas ne a asibitin garin, shi ya taho da ita daga ƙasarsu bayan rikici ya tashe su. Ba ta jin yaren kowa, ba mai jin nata, sai aka sa mata Maman Nas. Gaisuwarsu da Mai Tuta ba ta wuce shi ya ɗaga fartanya, ita ta dafa ƙirji. Shukarta ce kawai ke damunsa. Ba layi ba tsari, wake ya hau kan barkono, kabewa ta ratsa tsakiya. Ya sha gaya wa matarsa cewa lambun matar nan kamar tasha yake ranar da jirgi ya makara.

Sai aka daina ganinta. Aka ce an yi mata aiki a gwiwa. Mai Tuta ya ga ciyawa tana neman cinye mata wuri, zuciyarsa ta kasa daurewa. Ya shiga tun da sanyin safiya, bai fito ba sai da rana ta take. Ya fi shan wuya da wata ciyawa mai toka-tokan ganye da ƙamshi mai hawa kai, wadda ta mamaye kusurwa guda. Ya tumɓuke ta kakaf, ya watsa a kan juji, ya koma gida yana jin daɗin kansa.

Ranar da ta dawo tana dogara sanda, ɗanta na riƙe da ita, Mai Tuta ya tsaya kusa yana goge fartanya, yana jiran godiya. Ta dubi kusurwar nan. Ta kife bokiti ta zauna a kai.

"Baba," in ji nas ɗin a hankali, "wannan ba ciyawa ba ce, ganyen ƙasarmu ne da ake dafawa a sha. Irinsa ta ƙulle a bakin mayafinta ranar da muka baro gida. Duka ta shuka, tana jiran ya yi fure ta tara sabo."

Mai Tuta ya ba da haƙuri, ɗan ya fassara, tsohuwar ta ɗaga hannu alamar ba komai. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

A gida matarsa ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, shekara da shekaru kana tsaron jirgi ko kaza ba ta mutu a hannunka ba, yau ka je ka yi ɓarna da fartanya." Ta bar shi ya ɗan ji jiki kafin ta tambaye shi inda ya zubar. Da ya faɗa, ta miƙa masa takalmansa.

Ya tone jujin da hannu. Na sama duk sun bushe, amma can ƙasa inda akwai danshi ya tarar da 'yan rassa da saiwarsu, sun yi ruwan ɗorawa amma ba su mutu ba. Ya dasa su a ƙasarsa mafi taki, ya yi musu rumfa da tsohon buhu, yana ba su ruwa safe da yamma kamar mai jinya. Suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har saura guda.

Maman Nas tana kallonsa daga kan bokitinta. Wata safiya ya ɗaga gwangwanin ban ruwa, sai ya ji sanda ta doki gwangwanin. Ta debi yashi ta zuba masa a tafin hannu, ta nuna rana, ta nuna buhun, ta girgiza kai. Ya shiga yi mata bayani da yarensa cewa shuka marar lafiya ruwa da inuwa take so. Ita ma ta dage da nata yaren, har da buga sanda a ƙasa. Masu lambun gefe suka bar aikinsu suna dariya, wani tela ya ce bai taɓa jin gardama mai daɗi irin wannan ba, tunda ba wanda zai ji haushin abin da aka gaya masa.

Mai Tuta ne ya sauko. Ya yaye buhun, ya sa fartanya ya ɗauko shukar da ƙasarta, ya kai kusurwar da ta nuna, wuri mai tsakuwa da rana. Da ya gama danne gindin, ya kai hannu zai tsinke kan reshen don ya yi rassa, yadda yake yi wa tumatir, sai ya tarar da yatsunta sun riga shi. Suka dubi juna. Ta yi dariya har ta saki sandar.

Daga nan ya koyi wucewa da gwangwaninsa ba tare da ya tsaya ba, ko da yake hannunsa na ƙaiƙayi. Shukar ta yi kamar ba za ta yi ba, sannan ta murje, ta bazu, ta fitar da 'yan furanni shuɗaye. Da irin ya bushe, Maman Nas ta murza shi a faranti, ta raba biyu da gefen hannu, ta tura masa rabi.

Ya ce ba zai karɓa ba, bai cancanta ba. Nas ɗin ya saurari uwarsa yana murmushi.

"Ta ce kada irin ya sake zama a lambu ɗaya. Kuma ta ce duk garin nan ba wanda ya kai ka sanin kamanninsa."

Da yamma ta aiko masa da ganyen a dafe, cikin kofi mai murfi. Ya zauna a bakin ƙofa ya kurɓa, ya runtse ido. Matarsa ta leƙo ta tambaye shi yaya.

"Ɗaci kamar me," in ji shi.

"To ajiye mana."

"A'a. Gobe zan mayar mata da kofin, kuma na san sai ta duba cikinsa."

Ya sake kurɓa, wannan karon a hankali.