Hajja Ƙaltume Mai Awaki da Ganyen Aƙiƙ

Kar-kar-kar! Wannan ƙara Hajja Ƙaltume ta ji bayan sallar isha, shekarar da kwarin Aƙiƙ na nan ƙasa mai tsarki ya kawo ruwa. Maƙwabta suka ce aljanu ne ke kiɗa a langa-langar garkenta. Ita kuwa sai ta ɗauki fitila. Ashe jar akuyarta ce ta jingina da langa-langar, tana karkarwa kamar an tsamo ta a rijiya!

Kun dai san ta. Kafin ladanin Masallacin Harami ya rufe baki da asuba ta gama tatsa, ta zaga gidajenmu. Rabin yaran unguwar nan da madararta aka yaye su.

To, a makon nan yara na ta amai da rawar jiki. Zulaiha 'yar Lurwanu direba ko kofi ba ta iya riƙewa. Da Ƙaltume ta ga akuya na irin rawar Zulaiha, gari na wayewa ta tuntsurar da madarar kaf a ƙasa. Abincinta fa ke nan! Ta bi gida-gida tana dukan ƙofa: "Khalas, ya isa haka, ya jama'a! Kowa ya zubar da ta jiya!"

Sannan ta laɓe a garke. Can sai ga damin ganye ya faɗo ta kan katanga. Ta leƙa: Malam Abdussamad ne, tsohon da ya taho daga Kano a ƙafa.

"Baba Malam, me kake ba awakina?"

"Ganyen tafasa mana, 'yata! Ruwa ya fito da ita, sak ta bayan gidanmu a Kano."

"Wallahi kewar gida ce ta rufe maka ido. Shinshina!"

Ya shinshina, ya hau salati. Ba tafasa ba ce, wani ganye ne mai dafi da ke kama da ita. Ikon Allah, dafi ya shiga akuya kore ya fito fari tas a madara! Har yau ina juya abin nan a raina. Zulaiha ta warke, bana ma ta haihu.

Ke ce, Ƙaltume, kika zubar da cinikinki don 'ya'yan wasu. Uwar garke, Allah ya shayar da ke ruwan Kausara. Ku kuma, in kun ga aibi a hajarku, ku riga kowa faɗa.

Yanzu gwiwa ta ƙi, ta sayar da awakin. Ranar da ake loda su a mota, Lurwanu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya:

"To in langa-langar ta sake kaɗawa, wa zai ɗauki fitila?"