Garin maganin da na zuba wa Baba a kunu

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Mando, na yi wani abu da hannuna wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Kunya ce ta hana ni ba ku labarin tun tuni. Yau dai na ce bari in faɗa, ko Allah zai sa wata ta tsira.

Mahaifina ne ya yi jinyar taifot mai tsanani. Da aka sallamo shi daga asibiti sai na roƙi yayyena su bar min shi a gidana maimakon a mayar da shi Rigachikun, tunda mahaifiyarmu ta riga mu gidan gaskiya, ni kuma kullum ina gida. Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, yana da hawan jini da ɗan ciwon zuciya, kullum da ƙwayoyinsa na safe da na dare. Zazzaɓi ya tafi, amma cin abinci ya ƙi dawowa. Babu abin da ban dafa ba, faten tsaki, farfesun kaza, ɗanwake, har tuwon dawa da miyar kuka da ya fi so. Sai ya yi loma biyu ya ture kwano ya ce, "Uwata, bakin ne babu daɗi." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Ina kallo wuyan rigarsa yana ƙara yi masa yawa, sai in shiga kicin in share hawaye in fito.

Wata maƙwabciyata ce ta shigo duba shi ta tarar da ni ido jawur. Da na gaya mata damuwata sai ta yi dariya ta ce wannan ai ƙaramin abu ne, akwai wani garin magani da take karɓowa wurin wata mata a Rafin Guza, ko dutse aka ba mutum bayan ya sha sai ya cinye. Washegari ta kawo min a ƙulle cikin leda. Gari ne kore-kore, yana ƙamshin citta da kanumfari, da wani ɗan wari a ƙasa wanda ban gane ba. Ta ce in narka ɗan man shanu in kaɗa shi a ciki, in zuba a kunu. Na tambaye ta nawa zan sa, ta ce, "Ke ma dai, kamar ba mai girki ba. Hannunki zai gaya miki."

Ban tambaye ta mene ne a ciki ba. Ni da na yi sakandare, nake karanta takardar da ke cikin kwalin kowane magani har bayanta, ban tambaya ba. Kun san mu, da an ce na gargajiya ne shi ke nan hankali ya kwanta, sai mu ce ganye ne, in bai yi amfani ba ba zai cutar ba.

Ranar farko ɗan tsunkule na sa. Da yamma Baba ya cinye tuwo malmala biyu, ya tambaya ko akwai sauran ƙosan safe. Ya yi ta ba jikokinsa labarin zamanin da yake aiki yana dariya, sannan ya yi barci mai nauyi. Na yi sujadar godiya. Har na kira babbar yayarmu ina yi mata alfahari cewa na samo kan Baba.

Rana ta uku ce ta zo da abin da ta zo da shi. Na ce tunda kaɗan ya yi wannan aiki, ai da yawa zai fi, sai na cika cokali. Ya sha kunun da hantsi. Na jira kamar rabin awa na kawo masa abinci, ya ce bai jin yunwa. Sai na ɗauka garin ne ya fara sanyi, na sake dama wani kofi na ƙara masa, na zauna ina lallashinsa har ya shanye. Da hannuna na riƙe masa kofin.

Bayan azahar ina wanke-wanke na ji ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba. Na tarar da shi zaune a kan darduma, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, leɓensa a bushe. Ya ce ya tayar da salla ya rasa raka'a nawa ya yi, ya ji kamar ya shekara a tsaye. Ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa, zuciyar tana bugawa kamar za ta faso riga. Ana haka jirgin sojoji ya wuce ta saman gidan, abin da muke ji kullum ba ma ko ɗaga kai. Baba ya dafe kunnuwansa yana makyarkyata, wai rufin ɗaki yana saukowa a kansa. Da ya yunƙura zai tashi jiri ya kwashe shi, ya zube a jikina.

"Uwata, laƙƙana min kalmar shahada," in ji shi. "Tafiya ce ta zo."

Na yi ta maimaita masa ina tofa masa duk abin da ya zo bakina. Zuciyata ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta ce iska ce, ta ce ajali ne. Ko sau ɗaya ba ta ce kunu ba. Maigida yana ofis, don haka na fita ko takalmi ban sa daidai ba na taro mai keke, muka cicciɓe shi sai asibiti.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, ba ta da yawan magana. Aka auna jininsa, aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka sa ruwa. Ta tambaye ni me ya ci, na ce kunu kawai. Ta tambaya ko ya sha wani magani bayan nasa, na ce a'a, kuma har ga Allah a lokacin ban lissafa garin cikin magani ba. Ta sake duba idanunsa, ta juyo ta dube ni.

"Hajiya, ki yi tunani da kyau. Zuciyar Baba ba za ta jira mu yi ta lalube ba. Me aka sa a kunun?"

Nan ne na tuna da garin. Ledar tana cikin jakata, don na ɓoye ta a can saboda yara. Na ciro ta na miƙa mata. Ta kwance, ta sunsuna, ta murza kaɗan a yatsa.

"Wannan ai wiwi ce. An dai haɗa ta da kayan ƙamshi."

Wiwi. Ni da nake toshe hanci da mayafi in na wuce ta inda ake busa ta, ina yi wa masu sha addu'ar shiriya, ni ce na dama ta da man shanu na ɗura wa mahaifina, kofi biyu.

Ba ta yi min faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta ce idan aka ci ta a abinci ba ta nuna kanta da wuri, tana iya ɗaukar awa ɗaya ko biyu, shi ya sa mutane ke ƙarawa suna zaton ba ta yi aiki ba, sai duk ta taso a lokaci guda kuma ta daɗe ba ta saki ba. Ta ce tana sa zuciya gudu, ta sa jiri, ta kawo tsoro da rikicewar tunani, kuma ga tsoho mai ciwon zuciya da ke shan wasu magunguna abin ba wasa ba ne. Na ce mata cikin kuka amma fa ta sa shi cin abinci. Ta ce eh, tana sawa, har akwai sinadaran cikinta da ake yin magani da su a wasu ƙasashe, amma a aune, likita yana kallo, ba a leda ba.

Kwana biyu muka yi kafin bugun zuciyarsa ya daidaita. Yini guda ya yi yana barci, in ya farka ya nemi ruwa ya koma.

Da muka dawo na je wurin maƙwabciyar tawa. Abin da ya ƙara girgiza ni shi ne ta sani. Ta ce ai ba busawa aka yi ba, ci aka yi, kuma ganye ne Allah ya halitta, ita ma takan sa wa kanta in barci ya ƙi zuwa. Na dai roƙe ta don girman Allah kada ta sake ba wani ba tare da ta faɗi sunansa ba.

Faɗa wa Baba ne ya fi komai wuya. Na durƙusa a gabansa na zayyana masa komai, ban rage ba. Ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ce, "Shekara saba'in da ɗoriya ko sigari ban taɓa sa wa bakina ba. Ashe rabona yana gidan Uwata, har da bisimilla." Ya yi murmushi, ni kuma na fashe da kuka. Ya dafa kaina ya ce Allah yana duba niyya, amma jiki ba ya duba ta, in tashi in kawo masa ruwa.

Abin da na koya ke nan. So da tausayi ba sa mayar da abu magani. Yanzu ko wace ce ta miƙo min ƙulli, ko ta girme ni, sai na tambayi sunansa da abin da ke ciki, in ta ce sirri ne in ce ta riƙe sirrinta. Mai ciwo a gida kuma, ba na ba shi ko ganyen shayi da ban sani ba sai na tambayi likitansa.

Baba ya ƙara shekara huɗu a duniya. Yayyena sun sha tambayarsa me ya same shi a gidana ranar nan, sai ya ce musu tsufa ne. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai faɗa wa kowa ba. Allah ya jiƙansa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa min.