Kofi Mai Jan Zare

Tun kafin komai ya faru nake jin tsoron kunnen Husna. Yarinyar nan ba ta cika shekara biyar ba, amma duk abin da ya faɗo daga bakin babba sai ta tsince shi ta adana. Na taɓa jin ta tana yi wa 'yar tsanarta faɗa da muryar mai gidan hayarmu, har da tsakin. Kowa ya yi dariya, ni kuwa ban yi ba, don na san inda nake kai ta kullum.

Aikin ƙuli nake yi a gidan wata Hajiya a nan Runjin Sambo. Mu ne suya, mu ne murza, mu ne matsar mai. Baban yarana direban babbar mota ne, yakan daɗe bai kwana gida ba, don haka da Husna da ƙanenta na goye tare muke tafiya. A gidan nan akwai kowa. Akwai Bafulatana, akwai Bagobira mai zane har kunne, akwai Bayarbiya da muke tsokana da barkono, ita kuma ta ce miyarmu ruwan wanki ce. Sannan akwai Rifkatu, Badakkariya daga Zuru. Ita ke sheƙar gyaɗa a inuwa, nesa da kasko, saboda haka duk mai jariri bayanta take nema. Da babu bayan Rifkatu, da tuni Hajiya ta sallame ni.

A gindin bango akwai randa da moɗa ɗaya, kowa da ita yake sha. A jikin ƙusa kuma akwai kofin roba da aka ɗaura wa jan zare a hannu. Na Rifkatu ne. Ba ya shiga randa, ita ma ba ta taɓa moɗa. In ƙishirwa ta kama ta sai ta miƙo kofin ta jira wata ta tsiyaya mata daga sama. Na tambayi dalili ranar da na fara aiki, Bagobirar ta zungure ni ta ce, "Ke, aiki kinka zo ko tambaya?"

Duk sanda na ga kofin nan, Inna nake tunawa.

Inna kakata ce ta wajen uba, a Ƙofar Taramniya muka tashi a hannunta. Bazabarma ce, ta shigo Sakkwato tun da ƙuruciya, ta zama ungozomar unguwa. Har ta tsufa harshenta bai miƙe da Hausa ba. Mukan kwaikwaye ta, ta ɗaga mafici ta ce, "Ku yi dariya, 'yan banza, ni na yanke muku cibi." Bayan sallar isha'i takan kwaso garwashin murhu a kasko, ta binne dankali a cikin toka, mu kewaye ta har da yaran maƙwabta. Ƙamshin dankalin nan da ƙamshin man kaɗanyar da take shafawa, har yau in sun haɗu sai in ji ƙwalla. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta ce, "Ga baƙuwa ta iso, wa ka ba ta wuri?" Mu ce, "Ta zauna, mu ji ta!"

Akwai guda ɗaya da ba na so, ita kuwa ta fi yawan yin ta.

Wai wani gari ne da mutanensa duk dangi ɗaya ne. A lokacin babu ashana, in wutarki ta mutu sai ki ɗauki kasko ki ɗebo garwashi a maƙwabta. Sai wata mata ta zo daga nesa, maganarta daban, ɗaurin zanenta daban. Aka ba ta wuri a bayan gari. Manyan matan garin suka yi doka: kowa na iya ba ta wuta, amma ba mai ɗebowa daga murhunta, kada tuwonsu ya ɗauki warin baƙunta.

Ana nan sai aka yi ruwa, irin wanda ba ya ɗaukewa. Itace ya jiƙe, ɗakuna suka yi yoyo, wutar gidajen garin ta mutu ɗaya bayan ɗaya. Yara suna kuka, ana jiƙa musu ɗanyen gari. Sai aka hango hayaƙi daga bayan gari. Ashe baƙuwar tana da dabarar mutanensu, kullum kafin ta kwanta takan binne garwashi a busasshen kashin shanu ta kifa tukunya a kai.

A nan Inna takan tsaya ta juya dankali, mu kuma mu riƙa zungurinta.

"Sun tahi wurinta, Inna?"

"Awo, sunka tahi. Kowace da kaskonta, tana rufe fuska da gyale wai kar ƙawarta ta gan ta. Ga ƙawar nan gabanta cikin layi!"

Mu fashe da dariya. Baƙuwa ta ba kowa, ba ta yi wa kowa gori ba. Aka dafa tuwo, yara suka ci suka yi barci.

Da a nan ta tsaya, da na so ta. Amma sai rana ta fito, itace ya bushe. Manyan mata suka taru suka ce, subhanallahi, yanzu wutar baƙuwa ce a kowane murhu! Suka bi gida-gida suna zuba wa wuta ruwa, suka aika garin danginsu aka ɗebo sabuwa. Doka ta koma yadda take.

"Sai mi, Inna?"

"Sai ta ci gaba da binne garwashinta kullum, ko za a sake ruwa. Ta ƙare. Ga dankali, kowa ya nemi tabarmarshi."

Na tuna daren da na miƙe tsaye don haushi. Na ce ba haka ake ƙare tatsuniya ba, ya kamata kura ta cinye su. Na ce da ni ce, ko toka ba zan ba su ba. Inna ta ɓare dankali ta miƙo mini ta ce, "Zauna, mai bakin tsiya. Da ke ta, da ɗiyan sun kwana da yunwa. Mi ɗiyan sunka yi?"

Sai da ta rasu na gane labarin wa take ba mu. A zaman makoki wata mata, wadda Inna ta karɓi haihuwar 'ya'yanta duka, ta share hawaye ta ce, "Allah shi jiƙan Bazabarmar ga. Ai kamar tamu take." Matar da ta tsufa a unguwar, ta binne cibiyar rabin yaranta, ta mutu ba ta zama tasu ba.

To ga abin da ya faru a gidan ƙuli.

Rana ce mai zafi, ina gaban kasko. Husna ta ɗauki ƙuli tana ci, ta ƙware, tana tari idonta ya yi ja. Rifkatu ce kusa da ita, da ɗana a bayanta. Ta yi wuf ta ɗauko kofinta da sauran ruwa a ciki, ta kai mata baki. Husna ta ture kofin, ruwan ya zube. Tana tarin nan ta ce, "Ba ni sha! Wanga kofin ƙazanta na." Ta ja tsaki. Ba tsakinta ba ne, na Hajiya ne.

Wasu suka yi dariya. Hajiya daga kan kujerarta ta ce, "Kai, ɗiyar ga da wayo take!"

Na dubi Rifkatu. Ta sunkuya tana ɗaukar kofin daga ƙasa, hannu ɗaya tana tallafe da kan ɗana don kada ya farka. Yawunsa na gangara a wuyanta. Wato bayanta ya isa ya ɗauki 'ya'yanmu, hannunta ya isa ya sheƙe gyaɗar da duk gari ke ci, bakinta ne kawai bai isa moɗa ba.

Ban san sanda na bar kasko ba. Na karɓe kofin, na tsoma shi cikin randar har wuyan hannu, na sha. Na sake tsomawa na kafa wa Husna a baki na ce, "Sha, ko in ci mutuncinki." Ta sha tana kuka.

Hajiya ta tashi ta sa aka tuntsurar da randar. Ina tsaye ina kallon ruwa na bin tsakar gida, wallahi kamar ina jin muryar Inna. Sannan Hajiya ta ce mini, "Ɗauki ɗiyanki. Gidana ba a koya man tsabta."

Rifkatu ta kwance goyon ta miƙo mini. Na zaci za ta gode. Sai ta ce a hankali, "Maman Husna, ke kin huce. Ni gobe a nan zan sha ruwa."

Maganar nan ta fi korar ciwo, don gaskiya ce. Na tafi gida ina haushin Hajiya, ina haushin masu dariya, har Inna na ji haushi a kabarinta. Me ya sa kullum baƙuwa ce za ta yi haƙuri? Wa ya ɗora mata?

Washegari da yamma aka yi sallama. Rifkatu ce, ta kawo hular ɗana da na manta. Ta ce akwai wani gidan ƙuli wajen Hubbare da ke neman mai suya, kuma ba su hana zuwa da goyo. "Ki ce ni na turo ki," in ji ta. Ta gyara ɗankwali. "A'a. Kar ki ce ni."

Husna ta leƙo daga bayan labule. Rifkatu ta ce, "Uwar ɗakina, ba gaisuwa?" Yarinyar ta fito tana jan ƙafa ta faɗa jikinta.

A daren na hura gawayi na zaunar da Husna, na ba ta tatsuniyar Inna yadda take, ban gyara ƙarshen ba. Da na gama sai ta ce, "Mama, waɗanda sunka zuba ma wutar ruwa, suna da ɗiya?" Na ce suna da su. Ta ce, "Suna kallo?" Na ce suna kallo.

Na fara aiki a sabon gidan. Rifkatu tana can, an sayi sabuwar randa, kofinta na nan a ƙusa. Ni ban yi karatu mai nisa ba, ban san yadda ake gyara gari ba. Abin da na sani, 'yata ta koyi ƙyamar mutum tun ba ta iya ɗaura zane ba, kuma ba a titi ta koya ba, a wurin manya ta koya, har aka yaba mata.

Don Allah, ke da kike karanta wannan, ki duba gidanki, ki duba wurin aikinki. In akwai kofin da aka ware wa wani don ƙabilarsa, ki kwance zaren yau, a gaban yaranki. In kuma ba za ki iya ba, to ranar da ɗanki ya maimaita abin da ya ji, kar ki ce masa yana da wayo.